Jajayen Biran Kichibei

"Ni dai ƙafata ba za ta taka ɗakin nan ba," in ji Denzo mai gidajen haya, yana tsaye can bakin rijiya, ya toshe hanci da hannun riga.

Oyone mai awara ta dube shi sama da ƙasa. Tun hantsi maƙwabcinta Kichibei ya cika, ita kaɗai a kansa. Ga rana ta take, an rasa maza huɗu da za su ɗauki gangar katakon da aka sa gawarsa zuwa haikali.

Shekara arba'in Kichibei yana sassaƙa biri a allon katako, ya shafa jan launi, ya buga a takarda. Duk gidan da agana ta shiga a wannan lungu na Edo, tsohon birnin nan na can gabashin duniya, birinsa ake mannawa saitin kan yaro, don cutar ta saki yaron ta hau birin. In an warke, sai a kai takardar kogi. To, wa ke son taɓa ta? Kichibei ke bi gida-gida yana karɓa, ya kai da kansa. Da ƙafafunsa suka mutu bara, ba wanda ya ce bari in karɓe shi. Sai suka koma tura masa ta ƙarƙashin ƙofa, su juya da sauri. Yau kuma su ne masu cewa ɗakinsa ya zama rumbun cuta. Butulu dai ba ya rasa hujja.

Jiya da rana, da take ba shi kunun shinkafa, ya nuna mata kwandon da ya jera takardun. A bayan kowace ya zana alamar gidan da ta fito, tun ranar da ya buga ta.

"Kada ki yi musu faɗa, Oyone," ya ce. "Tsoro ne."

Ta ce masa ba tsoro ba ne, rashin kunya ne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yanzu Denzo na ta kawo shawara, wai a bari zuwa gobe a turare ɗakin tukuna, sauran maza na gyaɗa kai. Oyone ta nufi ɗakin Kichibei. Ta shiga, ta fito rungume da kwandon, ta dire shi a tsakiyar lungu. Mata suka janye 'ya'yansu. Ta zaro takarda mai alamar rijiya ta danna wa Denzo a ƙirji.

"Ga na jikarka, maigida. Tana can tana tsalle, ko?"

Ta zaro mai alamar kifi ta nufi Heisuke mai sayar da kifi. Ya ja da baya har ya zurma ƙafa a bahon kifinsa.

"Haba Iya, so kike ki kashe mu?"

"Shi da kuka tura wa, dutse ne? Karɓi, ragon banza. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Ta rantse duk wanda ya ƙi karɓa, za ta manna masa tasa a ƙofa, kowa ya gani. Ta ce hanyar haikali ta kan gada ta bi, tafiya ɗaya ce, su kai biransu, su kai mai biran.

Gonroku masaƙin tabarma ne ya fara cire takalmi ya shiga ɗakin, kansa a ƙasa. Heisuke ya bi shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa, sai kafintan lungun. Denzo ya duba hagu, ya duba dama, bai ga na huɗu ba sai shi.

A kan gada suka dire gangar. Kowa ya zaro takardarsa daga ɗamara ya saki, ba mai duban wani. Oyone ta jingina da makarin gada tana kallon jajayen biran a kan ruwa, launin na narkewa a hankali, har suka sha kwana.