Ɗigo Uku

Da hantsin Laraba Inna Barakatu ta faɗo ofishin ƙungiyar manoma da ruɓaɓɓiyar albasa guda a hannu. Ba sallama ba komai, ta dangwara ta kan teburin Juwairiyya, dab da kwamfuta.

"Shinshina, ɗiyata. Aikinki ne."

Juwairiyya ba ta buƙaci shinshinawa ba, warin ya riga ya cika ɗakin. Shekara biyu ke nan da ta gama karatun kwamfuta a Madani ta dawo ƙauyensu, yamma da Hasahisa a yankin Jazira, kudu da Hartum, kuma ita ke fitar da takardar rabon ruwa kowace Asabar. A gaban sunan kowane mai gona kalma guda ce: ɗaya ko biyu, wato kwanakin da za a sakar masa ruwa, ko kuma tsaya. Da ajami take bugawa, don shi ne Malam Audi gafir, mai buɗe bakin tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, da rufe shi, yake karantawa ba gargada.

"Inna, wallahi tsaya na rubuta. Albasarki ta ƙosa, wa zai ba ta ruwa?"

Malam Audi, wanda ya biyo tsohuwar yana haki, ya zaro takardar daga aljihu ya shimfiɗa. "Ni abin da na gani shi na yi," in ji shi. "Duba."

Ta duba. Ɗaya. Baƙin nan, ɗa mai hannu, yana zaune tsirara, babu ɗigo ukun da ke samansa su mai da shi tsa. Da ɗigon, tsaya. Babu su, ɗaya. Yini guda na ruwa a laka irin ta Jazira, a kan albasar da ta rage kwana goma a cire!

Nan take ta juya ga ɗaya teburin, inda Bilyamin, ɗan ƙanen shugaban ƙungiya, yake shan shayi kamar ba da shi ake ba. Bahaushe ne gaba da baya, amma tun da ya yi shekara huɗu a Hartum Hausa ta koma yi masa nauyi a baki.

"Ka taɓa na'urar nan?"

"Tahdis kawai na yi ran Juma'a, ya'ani sabuntawa. Ita ta nema."

Ita ta nema! To da ta nemi a jefa ta tur'a fa? Juwairiyya ta galla masa harara. Sau nawa ta gaya masa, har takarda ta manna a bango, cewa kada a sabunta manhajar nan sai tana wurin?

Manhajar ba ta da hoto ba ta da maɓalli, baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ta haɗa maka shirinka. Da ita Juwairiyya ke haɗa shirin da ke buga takardar. Masu ita, can wata ƙasa, sun cure rubutunta wuri guda kafin su sake ta, layi ɗaya tal marar iyaka, sun kuma kwashe sunayen komai sun bar a, b, q, t9. A cikin wannan cunkus ɗin Juwairiyya ta taɓa kutsawa ta yi faci, don manhajar ta daina taɓa baƙaƙen ajami. Sabuntawa ta zo ta share facin tas.

Kafin azahar magana ta kai kunnen shugaba, Alhaji Abdulmuttalib. Ya aiko cewa kwamiti zai zauna bayan la'asar: a karɓe takardar daga hannunta a ba Bilyamin, a koma Larabci, a huta da wannan rubutun na tsofaffi. Malam Audi da ya ji, sai ya dubi ƙasa. Shekara talatin yana bakin tur'a, kuma ya san ranar da takarda ta koma Larabcin ofis, ranar za a nemo wani.

Juwairiyya ta ƙi cin abincin rana. Ta buɗe curarren rubutun, ta warware shi da ƙyar ya zama layi dubu arba'in. Wurin da ta yi wa faci a da sunansa q. Yanzu q wani abu ne dabam da bai shafe ta ba. Sun sake raba sunayen kaf. Sai ta bar suna ta bi kama, yadda ake gane akuya a garken da ba naka ba. Ta nemi lambar baƙin mai hannu. Wuri goma sha bakwai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi yana bin bayanta, fanka tana juya iska mai zafi da warin albasa.

A na goma sha huɗu ta same shi: wani ɗan jadawali da ke ɗaukar duk baƙin da bai sani ba ya mai da shi mafi kusa da shi a Larabci. Kalma guda ta tsira daga curewa a wurin, ma'anarta tsabtacewa. Tsabtacewa! Wato wani da bai taɓa taka laka ba ya dubi ɗigon da kakanninta suka taho da su tun daga Sakkwato, ya ce datti ne. Haushi ya sa sai da ta yi tsaki har sau biyu.

Ta rubuta sabon faci. Wannan karon ba da suna yake neman wurinsa ba, da kama ne, kuma in ya rasa wurin sai komai ya tsaya cik, takarda ta ƙi fita. Ta buga biyu, ɗaya da faci ɗaya babu, daidai lokacin da ladan ya kira la'asar.

Kwamiti ya zauna a gindin dogon yaro. Ta ajiye takardun biyu a kan tabarma, ta yi bayani dalla-dalla. Dattawa suka miƙa wa juna, kowa ya matso da su kusa da ido.

"Ma'alesh, a yi haƙuri," in ji Bilyamin, yana murmushi, "amma faci ai aikin masu gyaran taya ne. Tsarin da ke tsaye kan faci ba tsari ba ne."

"Shekara biyu yana tsaye," ta ce, "sai da ka sa masa hannu."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce halas, wato shi ke nan, an gane. Takarda ta zauna hannun Juwairiyya, ajami ya zauna, Malam Audi ya ci gaba da aikinsa. Abin da ya faru kuwa ƙaddara ce, ba laifin kowa ba, kada a sake ɗaga maganar. Kuma don gudun gaba, Bilyamin zai zama mai sa ido a kan kwamfutar.

Mai sa ido! Juwairiyya ta buɗe baki, sai ta ji an dafa mata gwiwa. Inna Barakatu ce, wadda ta zauna a gefen tabarma tun farko.

"Nuna min su, ɗiyata."

Juwairiyya ta ɗora farce a kan ɗigon. Tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Su ke nan?"

"Su ke nan, Inna."

"Wata biyar ina sunkuye," in ji ta a hankali.

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta kwance bakinsa inda ta ƙulle albasar nan. Ta ratsa tsakanin dattawa, ta sunkuya ta ajiye ta a gaban Bilyamin, a kan farar jallabiyarsa.

"Ɗaya aka rubuta min," ta ce. "Ga ta."