Shiru Daga Ofis

—to ai abin da nake so kenan, ko ba shi ba? Waya na kan hannun kujera, shiru. Jaririyata na barci a ƙirjina, baki buɗe, ɗuminta har cikin ƙashina. Daɗi, wallahi daɗi.

Tun da na fara hutun haihuwa ba wanda ya neme ni daga ofis. Ko mutum ɗaya!

Da fa? Ko banɗaki na nufa sai an tare ni a hanya. Ni na rubuta ɓangaren manhajar da ke tura wa marasa lafiya saƙon ranar ganin likita. Kowa ya ɗauka ya liƙa a nasa aikin — don haka aka yi shi — amma sai a liƙa a karkace, abu ya watse, sai ka ji "Yaya, zo ki gani." Yaya, Yaya... har shayina ya huce.

Laifin harshen da muke rubuta manhaja da shi ne, ba shi da bakin kafa sharaɗi. Ya iya cewa "ba ni lambar waya", bai iya cewa "sai mai lambar ya yarda tukuna" ba. Sai na ƙara masa kalmomi, kowane ɓangare ya faɗa da kansa: ga abin da nake buƙata, ga abin da na yi alkawari, ga abin da ba zan taɓa yi ba. Dogo, mai teburin da ke kallon nawa, har da ƙyaƙyatawa — wai da tsohon ciki zan yi wa harshe ƙari? Na yi kuwa. Ƙafa a kumbure bisa kwalin takardu, na yi.

Yanzu ka haɗa ba daidai ba, kwamfuta ta ƙi, ta nuna maka inda ka kauce... sannu 'yar nan, koma barcinki...

Waya! Dogo ne. Gabana ya faɗi — ƙarya nake, murna na yi.

Yana tambayar jikina, yana tambayar baƙuwa. Ina jiran "af, dama akwai wata 'yar matsala"... ina jira...

"Sabuwar ma'aikaciyar nan ta haɗa ɓangarenki jiya, ba ta tambayi kowa ba. Ki huta abinki, Yaya."

Ya kashe.

Ba ta tambayi kowa ba. Ko fuskata ba ta sani ba. Abu ya yi kenan, alhamdulillahi, ya yi...

To me ya sa har yanzu wayar ke kunnena?