Hannun Baba Ɗanliti

Kofin robar ya sake suɓucewa daga yatsun Baba Ɗanliti. Haisam ya cafe shi tun bai kai ƙasa ba, ya mayar wa mahaifinsa cikin tafin hannu, ya naɗe masa yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya aike ka?" in ji Malama Nafisa.

Ita ce ma'aikaciyar sashen gashi da motsa jiki da ke duba tsohon a asibitin koyarwa, tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata biyu da suka wuce. Ta ajiye biro, ta dubi Haisam ta saman gilashinta.

"Faɗuwa zai yi, Anti."

"To ya faɗi mana, na roba ne. A gida wa ke ba shi abinci?"

"Inna."

"Ruwa fa?"

"Ni, ko Yaya Kabir."

"Hula? Carbi? Buta?"

Tun ranar da aka sallamo tsohon, ko ƙuda bai kora da kansa ba. Da ya kalli abu, mutum uku za su miƙe.

Ta ɗaga hannun daman, ta buɗe yatsun, ta saki. A hankali suka koma suka dunƙule.

"Ka gani? Sun fara ƙagewa. Akwai motsi a ciki, bai mutu ba. Amma hannun da ba a aiken sa mantawa yake da hanya. In kuka ci gaba da yi masa irin wannan ladabin, nan da wata biyu sai dai ya riƙa yawo da shi kamar ba nasa ba."

"'Yar nan, daina wahalar da kanki," in ji Baba Ɗanliti, maganar tana fita a karkace. "Hannun nan ba ya dawowa. Mai abu ya karɓi abinsa."

"Baba, da ya karɓa da ban ga babban yatsan nan yana motsi ba."

Ta yago takarda ta yi rubutu. A can sama ta rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, GRASP, ta ja mata layi biyu, ta ce sau ashirin da safe, sau ashirin da yamma. Haisam ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Daga aji huɗu na sakandare ya bar makaranta. Ya zauna shagon gyaran janareto wata bakwai, ya bar shi. Ya sayar da takalma, ya bari. Yanzu adaidaita sahu yake ja, ita ma Inna ta ce tana ƙirga mata kwanaki.

A cikin adaidaitar ya ɗauko tsohon. Da suka tsaya kemis a Gyadi-Gyadi sayen maganin hawan jini, layi ya yi tsawo, sai ya zaro takardar da wayarsa. Wannan ɗabi'ar ce kaɗai bai bari ba: duk kalmar Turancin da ya gani a bayan mota ko jikin allo, sai ya tono ta. Ya kwafi baƙaƙen biyar ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar farko, kama abu ka riƙe shi gam. Ta biyu, gane magana har ta zauna a kai. Ya yi ƙasa, inda ake faɗin asalin kalma. Nan Turancin ya yi masa nauyi, sai da ya karanta sau uku yana motsa baki. Wai shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kalmar ba riƙewa take nufi ba. Lalube take nufi, mutum ya miƙa hannu yana neman abin da bai kai gare shi ba tukuna. Sai daga baya ta zama riƙo.

"Malam, kai ake jira," in ji na bayansa.

Da ya dawo ya tayar da injin, ya waiga. "Baba, ka san kalmar da ta rubuta, asalinta lalube ce? Su ma Turawan sai da suka yi ta lalube kafin su riƙe."

"Kalli titi," in ji tsohon.

Gidansu na Tarauni, bayan kasuwa, inda Baba Ɗanliti ya yi shekara talatin da 'yan kai yana ɗinki. Amma ba da ɗinki aka fi saninsa ba, da gaisuwa ne. In ya kama hannunka, ba ya saki sai ya tambayi gidanku kaf, har jaririn da ba a raɗa wa suna ba. Masu sauri canza lungu suke yi. Tun da ciwon nan ya same shi ya daina fita ko ƙofar gida. Ya ce ba zai tsaya cikin mutane yana miƙa hagu ba.

Bayan la'asar Inna Iyatu ta kawo kunu a kofi, ta durƙusa za ta kai masa baki. Haisam ya karɓi kofin daga hannunta, ya ajiye a kan 'yar kujera, dab da gwiwar tsohon ta dama.

"Mene ne haka?" in ji Inna.

"Likita ta ce shi zai riƙa ɗauka."

Kabir, babban wan Haisam, bai daɗe da dawowa daga ofis ba, ko takalmi bai cire ba. Ya miƙo hannu. "Mu ga takardar." Ya duba sama-sama. "Motsa jiki ta ce a yi masa. Ba ta ce a hana shi abinci ba. Kai da ko jarabawar fita ba ka zauna ba, kai ne za ka fassara mana takardar asibiti?"

"Ni na je, Yaya. Kai kana ofis."

"Au, gori za ka yi min?"

Baba Ɗanliti ya kalli kofin, ya kalli ɗan autansa. Wataƙila don ya nuna masa ba amfani ne, ya ɗaga kafaɗar dama. Hannun ya taso daga cinya yana rawa, ya yi gefe, ya dawo, bayan yatsun suka bugi kofin. Kunun ya kife a kan farar rigarsa, ya gangara tabarma.

"Innalillahi! Haisam, ubanka ne fa!" Inna ta ja gefen zaninta tana goge masa.

Tsohon ya rufe ido. "Fita," ya ce. "Fitar min daga ɗaki."

Haisam ya fita ya zauna a cikin adaidaitarsa, makulli a hannu. Lokacin tashin ma'aikata ne, da zai leƙa titin Zariya yanzu da ya cika ta sau uku kafin magariba. Ya san wannan ƙaiƙayin da ke tafin ƙafarsa. Shi ne ya fitar da shi daga aji, shi ne ya fitar da shi daga shagon janareto. Ya sa makullin, bai murɗa ba. Abin da ke dawo masa a ido ba kunun ba ne. Hannun ne. Wata biyu bai bar cinya ba, yau ya tashi ya yi tafiya har kujera.

Yana nan zaune sai ga Alhaji Maje tafe da sandarsa, daga Unguwar Gano. Aminin mahaifinsa ne tun suna samari, yadi yake sayarwa a layin da tsohon ke ɗinki. Shi kaɗai ake bari ya shiga. Kullum in ya zo, yakan ɗauki hannun daman da kansa, ya ɗan jijjiga, ya mayar a hankali kamar ƙwai.

Haisam ya diro ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba Alhaji, alfarma nake nema. Yau in ka shiga kar ka ɗauki hannunsa. Ka miƙa naka ka tsaya."

"In tsaya har yaushe?"

"Har ya kama."

"Kai yaro, so kake in kunyata aminina a gaban iyalinsa?"

"Likita ta ce in aka ci gaba da ɗaukar masa, hannun zai tafi ke nan. Kai ne fa kake ba mu labarin ya taɓa sa ka rasa motar Kaduna saboda gaisuwa."

Alhaji Maje ya ƙyalƙyale da dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Sau biyu ma na rasa ta," ya ce. "Wuce mu je."

Inna ta gaishe shi ta koma bayan labule. An canza wa tsohon riga. Kabir na gefe yana danna waya. Haisam ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Salamu alaikum, Ɗanliti." Alhaji Maje ya zauna a gabansa, ya miƙa hannu, ya bar shi a iska.

Baba Ɗanliti ya amsa, ya jira a ɗauka. Ba a ɗauka ba. Ya kalli hannun, ya kalli ƙofa, ya gane. Sai ya fara ɗago hagu.

"Hagu? Ni?" in ji Alhaji Maje. "Shekara arba'in kana tsare ni a rana da wancan, yau ka ce ya tafi hutu? Ina nan. Ba inda za ni."

"Maje, ba ka da kirki."

"Na sani. Miƙo."

Hannun ya taso. Ya wuce ta ƙasa, ya taɓa bakin rigar Alhaji, ya faɗo kan cinya. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohon. Kabir ya ajiye waya ya yunƙura.

"Kabiru," muryar Inna ta fito daga bayan labule. "Zauna."

Ya zauna.

Karo na biyu yatsun suka sami agogon Alhaji, suka zame. Karo na uku suka sauka a kan wuyan hannu, suka tsaya suna hutawa. Sannan suka fara rarrafe, suna lalube, a hankali, har suka faɗa cikin tafin. Haisam ya ga babban yatsan ya lanƙwasa, ya kwanta a bayan hannun Alhaji Maje. Sauran suka biyo shi. Riƙon ba shi da ƙarfi, ko jariri zai ƙwace. Alhaji bai motsa ba, sai leɓensa da ya cije.

Baba Ɗanliti ya sauke numfashi. Ya gyara murya.

"Ya gida?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya Hajiya Balaraba da ƙafa?"

"Da sauƙi."

"Yaran Hotoro fa? Ita Sumayya ta sauka?"

"Ta sauka, namiji."

"Ba ka faɗa min ba, munafuki. Me aka sa masa?"

Aka kira magariba a masallacin layi, yana kan 'ya'yan ƙanin Alhaji na Daurawa. Ko gaisuwar ce ba ta ƙare ba, ko yatsun ne ba su koyi saki ba tukuna, babu wanda ya sani, babu kuma wanda ya tambaya.

"Ɗanliti, za a tayar fa."

"Ban gama ba." Bai juya ba, ya ɗaga murya. "Kai, marar kunya na bakin ƙofa. Yaushe yarinyar nan ta ce mu koma?"

"Litinin, Baba."

"To ka sha mai tun Lahadi. Kuma a sake damo kunun nan." Ya nuna 'yar kujerar da haɓa. "A ajiye a can."