Gurbin da Nu'uman Ya Bar wa Malam Sada

"Ni dai Inna ki gaya mani, a ina aka taɓa yin haka? An kira sunan mutum a gaban jama'a, an ce ga rabonka, ya sa hannu biyu ya miƙa wa wani. Shekara tara fa yana jiran wannan rana."

Ramla ce ke magana, matar Nu'uman, tana tsugune bakin rariya tana wankin shinkafa kamar da ita suke faɗan. Inna Delu, uwar mijinta, na zaune a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana tsintar wake a faifai.

"Ki rage murya, katangar nan ba ta da tsawo. Shinkafar kuma ba ita ta yi maki laifi ba."

"Ai gara maƙwabta su ji tun yanzu, kafin su ga mota ta zo kwasar kayanmu."

Inna Delu ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta san abin da yarinyar ke nufi, kuma ta san ba ƙarya ta yi ba.

Nu'uman malami ne a kwalejin horon malamai da ke bayan gari, labarin ƙasa yake koyarwa. Sai dai ba ɗan gida ba ne a can. Aro shi aka yi daga wata sakandare ta can bakin iyaka, tun zamanin soja, aka ce wata shida za a tabbatar da shi. Wata shida ta zama shekara tara. Wannan gwamna mai kaki ya tafi, wancan ya zo, fayil na kwance ana ta ɗora mashi wasu. To bana da soja suka koma bariki, farar hula suka hau, sai aka kafa kwamiti. Kwamiti ya ce duk malamin aro da ba shi da takardar horon malaman manyan makarantu, ƙarshen shekara ya tattara ya koma inda aka ɗauko shi. Horon kuwa sati shida ne a Kaduna, a koya masu yadda ake tsara darasin manya, da yadda ake bincike, da taɓa kwamfuta. Kowane sashe mutum ɗaya aka ba shi. Wani zagayen sai baɗi, in ma an yi, kuma kafin nan kwamiti ya gama aikinshi.

Suna cikin haka Nu'uman ya fito daga ɗaki da makullin babur a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Inna Delu, ya tambayi ƙafa, ya tambayi kwanan sauro. Ta amsa ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ko sunanshi ba ta taɓa kamawa ba, balle ta tsaya kallon fuskarshi.

"Kai, zauna. Matarka ta faɗi nata. Ina son in ji daga bakinka."

Ya zauna a bakin tabarma yana juya makullin.

"Taron sashe muka yi shekaranjiya. Malam Yari, shugabanmu, ya ce an duba an ga ni na fi buƙata, sunana za a aika. To Malam Sada na zaune kusa da ni, Inna. Kafaɗarmu na gogar juna. Mutumin da ya koya mani tun ina aji ɗaya a sakandare, shi ya kai takarduna kwalejin nan da ƙafarshi. Sai na ji ba zan iya cewa na gode kawai in yi shiru ba. Na miƙe na ce ina ni ina shiga gaban Malam, ai shi ya fi cancanta."

"To. Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce Allah ya yi mani albarka."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

Inna Delu ta aje faifan. "Bai ce a'a ku yara ku je ba? Bai ce mu mun ci zamaninmu ba?"

"Bai ce ba."

Ita dai a iya saninta, kara kamar kwanon tuwo ce da ake aika wa maƙwabta. Kana aikawa ne ka san zai dawo, wani lokacin ma da wani abu a ciki. Yaro ya ce babba ya ɗauka, babba ya ce a'a, yaro ya sake, babba ya rantse, sai yaro ya karɓa da sa albarka, kowa ya tashi da mutuncinshi. Haka ta taso ta iske ana yi a gidajen cikin birni. Ba ta taɓa jin inda aka aika kwano aka riƙe ba.

"Shi Malam Yarin yana kallo?"

"Ya daɗe yana jiran ko Malam zai ƙara wani abu. Da ya ga ba haka, ya dube ni ya ce, ka tabbata? Mutum goma sha ɗaya a ɗakin, Inna. Me zan ce? Na ce na tabbata. Sakatare ya rubuta."

Daga bakin rariya Ramla ta ce, "Ya tabbata. Mu ma mun tabbata, ƙauyen da ko famfo babu."

"Ke, ban sa da ke ba." Ta juyo wajen ɗan. "Yaushe sunan zai bar makaranta?"

"Gobe da safe za a kai ma'aikatar ilimi. In ya shiga can, ya shiga." Ya ɗan dubi ƙafarta. "Don Allah Inna kar ki ce za ki je. In aka ji na aiko uwata ta karɓo mani abin da na bayar da bakina, ban san da wane ido zan shiga aji ba."

"Wa ya ce maka zan je? Tashi ka tafi aikinka."

Da ya fita ta zauna, waken na gabanta. Abin da ke cin ta, ita ta koya mashi. Yana ɗan shekara bakwai ya taɓa kai hannu kan tsokar nama kafin baffanshi ya ɗauka, ta buge hannun da ludayi har ya kumbura. Tun daga ranar bai ƙara riga babba komai ba, ko shiga ƙofa. Mutane na yaba mata, ana cewa Delu ta iya tarbiyya. Ga tarbiyyar nan yau za ta kwashe shi da mata da 'ya'ya huɗu ta mai da su bakin iyaka, yana ɗan shekara arba'in da uku, ya koma koya wa yara sunayen koguna. Ita kuma da wannan ƙafar ba inda za ta bi su, ga asibiti duk wata.

Tana sallame azahar ta ɗauko gwangwanin yajin da ta daka da hannunta, ta haɗa da daddawa ƙulli uku, don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Ta yafa mayafi.

"Inna ina zuwa?" in ji Ramla.

"Barka."

"Wa ya haihu?"

"Ki kula da tukunyarki."

Daga Ƙofar Kwaya zuwa Ƙofar 'Yandaka ba wata tafiya ba ce ga mai ƙafa biyu. Ita sai da ta huta sau uku. An yi ruwa da safe, lunguna duk taɓo, ga hotunan 'yan takara na zaɓen da ya wuce sun jiƙe suna ɓanɓarowa daga bango. Tana tafe tana shirya maganar. Ba za ta roƙa ba. Za ta ce wa Saudatu, matar Malam Sada, yaron nan fa an ce za a mai da su ƙauye, ta yi shiru. Mai hankali ai ishara ta ishe shi. Da Saudatu tare suke zuwa islamiyyar matan aure, allo ɗaya suka taɓa karatu da shi.

Tun daga zaure ta ji hayaniyar mata. Ta yi sallama ta shiga, ta iske tsakar gida da baƙi, 'yan'uwa da maƙwabta, an zo yi wa Malam Allah ya kiyaye hanya. A kan igiya ga riguna biyu sababbi an karɓo daga tela, shadda fara da ruwan toka, ko alli ba a goge ba. Ta ƙofar ɗaki ana hango akwati buɗe a kan gado.

Saudatu ta taso da sauri ta kama hannunta.

"Lale da uwar ɗa. Ku matsa mata. Kun ga wadda ta haifi yaron da nake ba ku labari."

Mata suka yi ca, wannan ta ce Allah ya ba mu irinshi, waccan ta ce a wannan zamanin da yara ke ture manya a layin kananzir. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ƙafa, aka tambayi ruwa. Inna Delu ta miƙa ƙullinta don ta samu abin yi da hannu. Saudatu ta buɗe gwangwanin ta shinshina.

"Yaji? Kai Delu, kamar kin sani. Jiya yake cewa abincin Kaduna ba ya da ɗanɗano. Har guzuri kika yo mashi, bayan abin da ɗanki ya yi." Ta miƙe ta kai gwangwanin ta sa a cikin akwatin, a gefen hula.

Inna Delu ta bi gwangwanin da ido.

Sai da baƙi suka ragu Saudatu ta ja ta ɗaki, ta kawo mata fura. Ta zauna kusa da ita ta rage murya.

"Ke ba baƙuwa ba ce, bari in gaya maki. Shekara talatin da ɗaya yana aikin nan, ko Funtuwa ba a taɓa tura shi kwas ba. Waɗanda ya koya wa rubutu sun je Ingila sun dawo suna ba shi umarni. Duk lokacin da aka zo zaɓe sai a ce Malam Sada ai mai haƙuri ne, ya jira na gaba. Shekaranjiya da ya shigo ko rigarshi bai cire ba ya yi alwala ya yi nafila. Na leƙa na ga yana share ido. Ni tunda aka kawo ni gidan nan, ko rasuwar mahaifinshi ban ga haka ba."

"Allah sarki," in ji Inna Delu. Ta aje kwanon furar. "Ni kuwa na ji an ce masu aro, wai ƙarshen shekara..."

"Ai Malam wata goma ya rage mashi ya aje aiki. Ya ce ko ba komai ya rataya takardar a zaure, jikoki su gani."

Ishara ta wuce ta gefen kunnen Saudatu, ko kuwa ta kauce mata ne, Inna Delu ba ta iya ganewa ba.

Aka yi gyaran murya a ƙofa. Malam Sada ne, dogo, ya ɗan ranƙwafa, gemu fari fat. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ita kuma ta gyara mayafi ta sauko daga kujera suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar waɗanda suka daɗe da rasuwa ya manta. Takardar sanarwar horon na hannunshi.

"Hajiya Delu, kin haifi ɗa. Ban da abin da zan ce sai addu'a." Ya ɗaga takardar ya kai ta har kusa da hancinshi, ya karkata wajen haske, ya sake matso da ita. "Saudatu, duba mani nan, ran sha biyu aka ce ko sha bakwai? Rubutun injin nan nasu ƙanana ne."

Rubutun ba ƙanana ba ne. Inna Delu da ba ta wuce aji uku ba tana hango lambar daga inda take. Ta dubi idanunshi ta ga farin da ya fara rufe baƙin. Wannan ne zai zauna sati shida gaban kwamfuta.

"Sha biyu ne, Malam," in ji Saudatu, ba ta ko duba ba.

"Malam," in ji Inna Delu, "an ce gobe sunan zai tafi ma'aikata."

"Gobe in Allah ya kai mu."

"An kuma ce wanda duk aka aro, in ba shi da takardar nan..."

"Na ji zancen kwamitin." Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa. "Gwamnati ce, yau ta faɗi wannan gobe ta faɗi wancan. Yaro mai biyayya irin wannan Allah ba zai bari ya taɓe ba."

Ashe ya sani. Da ma tana ta fatan bai sani ba.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa, la'asar ta yi. Malam Sada ya sa takardar a aljihun gaba ya dafe ta da tafin hannu, ya juya yana laluben butarshi da ƙafa. Saudatu ta tashi tana tattara kwanon fura. In ya fita masallaci ba zai dawo ba sai ta tafi, Inna Delu ta san wannan.

Ba ta taɓa roƙon kowa komai ba a kan yaron nan. Ko ranar da za a yi mashi kaciya ɗaki ta shige ta rufe. Ta dafa bango ta sauke gwiwarta mai ciwo a kan siminti, ɗayar ta biyo.

"Delu, mene ne haka? Tashi," in ji Saudatu.

Ba ta tashi ba.

"Malam, yaron nan kara ya yi maka, kai ma ka san kara ce. Ni na koya mashi, in laifi ne nawa ne. 'Ya'yanshi huɗu, ni kuma ga yadda nake. Don girman Allah, kafin ka shiga sallar nan, ka aika wa Malam Yari ka ce ka mayar mashi da gurbinshi."

Malam Sada na tsaye da buta a hannu, bayanshi gare ta. Ladan ya kai ƙarshen kiran ya yi shiru.

"Malam, ka mayar mashi."