Ranar da Janaretan Kamfanin Safa Ya Yi Shiru

Mutanen unguwar nan ba su cika damuwa da agogo ba, janaretan kamfanin safa ya ishe su. Da safe in ya yi tarin nan nasa irin na tsoho, ya ɗauki gurnani, kowa ya san lokacin makaranta ya yi. Tagogi su yi ta karkarwa, hira a ƙofar gida kuwa sai da ɗaga murya. An zage shi har an gaji, an dawo an saba da shi.

Uwar Biyu kam ba ta taɓa zaginsa ba. Mijinta Dogo a kamfanin yake aiki tun kafin su yi aure, shi ke kula da injinan saƙa, kuma da albashin nan ake ci ake sha, ake biya wa tagwayensu makaranta. Gidan ma cike yake da safar da aka ce ta yi aibi. Tagwayen ba su taɓa sa ƙafa biyu masu launi ɗaya ba, kuma ba su san cewa abin dariya ne ba sai da suka shiga aji.

To, bana man dizal ya haukace. Yau ka ji farashi, gobe ka ji wani. Kamfanin sabulu da ke bayansu ya rufe, na bokiti ya sallami rabin ma'aikatansa. Safar da ake shigowa da ita daga waje kuma ta cika kasuwa, ga arha kamar tsintuwa. Ana cikin haka yayan Dogo ya bugo waya daga garin da yake aiki a tashar jiragen ruwa, ya ce ya samar wa ƙanensa gurbi a wurin sauke kaya. Sai dai wurin kwanan na maza ne zalla, gida kuwa sai shekara-shekara.

Dogo ya so ya tafi, Uwar Biyu ce ta kafe. Ta ce, “Baban Biyu, ka bar injin da ka sani ka je ɗaukar buhu da wannan bayan naka? Yaran nan su girma ba su san fuskarka ba? Ka zauna, kamfanin nan ba zai mutu ba.” Ta faɗa da ƙarfin hali kamar ita ce mai kamfanin, alhali ita ma ba ta san komai ba. Yaya ya ji haushi, ya ce ya ba su zuwa ƙarshen wata, in ba haka ba ya ba wani.

Tun daga ranar tsoro bai bar ta ba. In kamfanin ya rufe bayan gurbin ya wuce, bakinta ne ya jawo, kuma dangin miji ba su mantuwa da irin wannan. Dogo kuwa, Allah ya yi shi mutum ne da sai ka matse shi kafin kalma ta fito. Kwanakin nan yana dawowa da ciwon kafaɗa, wuyansa ya ƙone da rana, mutumin da aikinsa na cikin inuwa ne. In ta tambaya ya ce, “Aiki ne.” Maƙwabciya kuma ta ce ta ga ana ta shige da fice da manyan kwalaye a ƙofar kamfanin. Uwar Biyu ta ce a ranta, ai shi ke nan, haɗa kaya ake yi.

Ran nan da safe, saura kwana kaɗan wata ya ƙare, tana wanki a tsakar gida sai ta ji wani abu bai yi mata daidai ba. Ta tsaya da sabulu a hannu. Rana ta ɗaga, tagwaye sun tafi makaranta a makare, amma taga ba ta karkarwa. Har kukan kurciya take ji daga bishiyar maƙwabta. Janareta bai tashi ba!

“Innalillahi,” ta ce, ta ɗauraye hannu, ta ja mayafi. Garin sauri ma takalman da ta zura ba iri ɗaya ba ne.

Tana karya kwana ta ga abin da take tsoro. Wata babbar mota ce ke fitowa daga ƙofar kamfanin, ga janaretan nan a bayanta an ɗaure da sarƙa, baƙi ƙirin, yana ɗigar da mai a kan titi. Mutane sun yi cirko-cirko suna kallo. Mai kanti ya girgiza kai ya ce, “Haka aka yi wa na sabulu, inji aka fara sayarwa.”

Ba ta tsaya jin sauran ba, ta nufi ƙofa. Maigadi ya tare ta da fara'arsa, “A'a, Uwar Biyu, lafiya da sassafe haka?”

“Baba, don Allah kar ka ɓoye mini. An sallame su?”

Ya buɗe baki zai amsa, wani direba ya ƙwala masa kira ya zo ya buɗe ɗaya ƙyauren. Kafin ya waiwayo ta shige.

Ba ta taɓa shiga ciki ba. Ta bi wani dogon lungu mai warin zare da man inji, tana shirin ganin maza zaune sun yi tagumi. Sai ta fara jin wani sauti, caka-caka-caka, siriri, ba tsayawa. A cikinsa kuma wani yana waƙa. Murya ce mai kauri, ba ta da daɗi ko kaɗan, tana hawa inda ya kamata ta sauka, amma mai ita ya sake da ita sosai.

Ta leƙa. Ɗaki ne mai faɗi, fitilu duk a kunne, injina a jere suna juyi, safa na faɗowa cikin kwanduna ɗaya bayan ɗaya. Ga Dogo can ya ba ta baya, yana ɗaura zare, yana kaɗa kai. Shi ne mai waƙar. Dogo, wanda shekara da shekaru ba ta taɓa jin ko fito daga bakinsa ba!

Nan take ta ji nauyin da ke ƙirjinta ya sauka, don wanda aka sallama ba ya waƙa. Ta jingina da bango, hawaye na zuba tana dariya.

Wani abokin aikinsa ya taɓa shi, ya juyo. Da ya gan ta sai waƙar ta maƙale, kunya ta rufe shi. “Ke! Me ya faru? Yaran ne?”

“Yaran lafiyarsu ƙalau. Kai ne ka kusa kashe ni. Na ga an fita da janareta.”

Ya kama hanya ta bi shi, suka hau wata matakalar ƙarfe har saman gini. Rufin nan kaf an shimfiɗe shi da farantan sola, suna ƙyalli har sai da ta kare ido. Ya ce mai kamfani ne ya sayar da janaretan da motarsa ta hawa, ya haɗa ya sayo su da batura. Ƙarafan da aka ɗora su a kai maƙeran bakin kasuwa ne suka ƙera, ma'aikata kuma suka yi ta hawa da su a kafaɗa don a rage kuɗin aiki. Aikin dare an daina, yanzu sai na rana. An bar wani ƙaramin inji saboda ranar hadari.

“Shi ne ciwon kafaɗar? To me ya hana ka faɗa mini, Baban Biyu?”

Ya sosa ƙeya. “Bara na ce miki za a ƙara albashi, ba a ƙara ba, na ga yadda kika yi. Na ce wannan karon sai na ga injin ya juya da idona.”

“Kai dai Allah ya shirye ka. Waƙar fa, yaushe ka fara?”

“Kullum ina yi. Ƙarar ce ba ta bari a ji.”

Abokan aikinsa da suka biyo su bakin matakala suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, “Wallahi matar Dogo, mu yau muka san abin da janaretan nan yake kare mu daga shi. A dawo mana da abinmu!”

Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa hannu. “Ba ni wayarka.” Ta nemo lambar yayansa da kanta, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta ce, “Yaya, mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma gurbin nan a ba wani, Baban Biyu yana nan.”

Yaya ya ce, “Ina kuke haka? Yau na ji muryarki tar, ba wannan gurnanin.”

Ta dubi Dogo, ta ce, “A wurin aikinsa muke, Yaya.”