Tawada a Yatsan Kubura

Sau biyu Rabi tana barin layin awo tana dawowa, har matar da ke bayanta ta tambaye ta ko naƙuda ce. Ina fa naƙuda, cikin watansa bakwai ne kacal. Abin da ya hana ta sukuni yana can gindin darbejiya a harabar asibitin unguwarsu ta Gyaɗi-Gyaɗi, inda ake yi wa 'yan mata riga-kafin sankarar bakin mahaifa, kuma yau ce ranar ƙarshe.

Rabi ba a rediyo ta san cutar nan ba. Ita ta yi jinyar yayarta Talatu wata goma sha ɗaya. Ita ta wanke zannuwan, ita ta riƙa turare ɗakin don kada 'yan dubiya su toshe hanci. Da Talatu ta rasu aka ba ta riƙon 'yarta Kubura, wadda yanzu ta cika sha biyu, ga ta nan tsaye tana riƙe mata jaka.

Sai dai riƙo ba haihuwa ba ne. Makon jiya uban yarinyar, Ɗahiru mai adaidaita sahu, ya zo har soro da saƙon mahaifiyarsa. Hajiya ta ce allurar nan ta hana haihuwa ce, duk ranar da aka yi wa jikarta, ranar za ta aiko a kwaso ta zuwa ƙauye. Kansa a sunkuye ya faɗa, ya tashi ko ruwa bai sha ba. Kowa kuwa ya san Hajiya ba ta magana biyu.

Da layi ya zo kanta, Rabi ta tambayi Sista Hasana mai awo ko ita ma za a yi mata allurar, don wallahi tsoro take ji. Sista ta ce ba a yi wa mai ciki, wannan karon kuma na 'yan shekara tara zuwa sha huɗu ne, in ta haihu ta dawo a duba ta. Sannan ta nuna Kubura da biro.

"Wannan fa, an yi mata?"

Rabi ta dubi Kubura. In an yi, za a raba ta da yarinyar. In ba a yi ba, ta riga ta ga abin da take tsoro da idonta. Can ta ce wa ranta ai allura ba ta da baki, wa zai sani? Ta ja hannun Kubura suka bi layin allurar.

Ta manta da tawada. Bayan an yi allurar, tana cikin gyara wa yarinyar hijabi, mai rajista ta kamo ƙaramin yatsanta na hagu ta shafe farcen da baƙin alƙalamin nan da suke yin shaida da shi.

A gida babu abin da ba ta gwada ba, sabulu, lemon tsami, har kalanzir, yatsa ya yi ja, tawada na nan daram. Ga shi Juma'a ce, ranar da Ɗahiru ke zuwa bayan la'asar. Nan da nan ta kwaɓa baƙin lalle ta ƙunsa wa Kubura kan yatsu goma cif.

Ya zo kuwa. Kubura ta kai masa ruwa soro ta durƙusa, ya riƙe hannun ya daɗe yana kallo. Rabi ta jingina da ƙyaure, ta fara kame-kamen wai suna za a yi a maƙwabta.

"Rabi," ya katse ta a hankali, "ɗazu na sauke fasinja a ƙofar asibiti."

Ta ji kamar har an fito da akwatin yarinyar.

Ya ce ya gan su a layi. Ya kashe mashin ya zauna yana kallo har aka gama, yana ta ce wa kansa ya sauka ya hana, sai fuskar Talatu ta tsaya masa a ido. Ya goge fuska da hularsa, ya juyo ƙaramin yatsan wajen haske.

"Gefen farcen nan bai kama ba, ki ƙara masa lalle," ya ce. "Jibi Hajiya za ta zo, kuma idonta ya fi nawa gani."