Indararon Rumfar Dukawa

Bayan azahar barci ya sace ni a kan benci, a ofishin kwamitin tsohuwar kasuwarmu, zuciyata cunkushe. Ni ne sakatare, kuma na san abin da shugabanmu Alhaji Mati ya sa aka yi: an toshe indararon rumfar dukawa da siminti, domin ruwan damina ya kwanta a kan soron ƙasar, ya rufta, a ce ikon Allah ne, a gina shagunan zamani. Dattawa goma sha ɗaya ke ɗinkin fata a ƙarƙashinsa. Ban faɗa wa kowa ba.

Sai ga kakata Iya Tabawa, wadda ta rasu bara, ta riƙo hannuna.

"Tashi, maigidan, rago kawai. Zo ka ga gari."

Muka shiga wani birni marar inuwa. Na ga mutane suna yaɓe bango da tafin hannu, ruwa na bin su yana wankewa, yatsunsu sun siɗe.

"Iya, su wa ke nan?"

"Shugabannin da suka daina kiran gayyar yaɓe, har gadon mutane ya zube."

Na ga wasu cikin shagunan gilashi marasa ƙofa, suna ta buga goshi. Ta ce su ne suka kori tsofaffin 'yan kasuwa daga mazauninsu. Can kuma wani ƙato kwance rigingine, indararo na tsiyayar masa da laka a baki, ba ya mutuwa, ba ya numfasawa. Wayyo, ƙarar maƙogwaronsa!

Daga nan ta ja ni cikin wani soro. Jama'a zaune tsit, an yaɓe musu baki da laka. Azara na lanƙwasawa a kan 'ya'yansu, suna gani, ba halin ihu.

"Waɗannan fa? Me suka rushe?"

"Ba su rushe komai ba. Sun sani ne."

A tsakiyarsu akwai tabarma ɗaya ba kowa.

"Iya, ta wa ce?"

"Duk littattafan da ka haɗiye, Sagiru, sai na faɗa maka?"

Azara ta yi ƙara. Na farka da salati, rigata jagab da gumi, hadari ya haɗo daga gabas. Na sungumi guduma, na ruga rumfar ba takalmi.

"Ku fito! An toshe indararo!"

Baba Na'iya, babban dukawan, ya ajiye basillarsa, ya dube ni.

"Tun yaushe ka sani, ɗan nan?"

"Kwana tara, Baba. Gobe zan maimaita a gaban kwamiti."

Baba ya jingina tsani a ƙarƙashin indararon, ya riƙe mini shi in hau.